Bernard Palissy, Maginin Tukwanen Da Ya Ƙone Teburan Gidansa

A wannan mako za mu ƙetare teku da masu karatu zuwa ƙasar Faransa, mu kawo tarihin wani maginin tukwane mai suna Bernard Palissy, wanda ya rasu fiye da shekara 400 da suka wuce, amma har gobe ba a daina ba da labarinsa ba. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne ya kwashe teburan gidansa, har da katakon daɓen ɗaki, ya tura su cikin wuta don kada tanderunsa ya huce. Masu rubuta littattafan tarbiyya na Turai sun daɗe suna kafa misali da shi wajen haƙuri da naci. To, amma labarin ya fi haka faɗi, akwai kuma wuraren da masu yabon nasa ba su cika son tsayawa a kai ba.

Kafin mu shiga tarihin mutumin, sai mun bayyana abin da ya ke nema. Kowa ya san randa da tulu irin namu. In an gina su da yumɓu aka gasa, jikinsu ya kan riƙa tsattsafo da ruwa, shi ya sa ma ruwan randa ya ke da sanyi. Tangaram kuwa ba ya tsattsafo, domin a kan shafa masa wani ruwa a mai da shi wuta karo na biyu, ruwan nan ya narke ya zama gilashi, ya lulluɓe yumɓun. Asalin ruwan shafen nan rairayi ne niƙaƙƙe, a haɗa shi da dalma ko toka don su taimake shi narkewa. In an bar shi haka, ya kan fito garau kamar gilashin taga, ana hango jan yumɓun da ke ƙasa. Amma in an zuba masa tokar kuza, irin kuzar nan da aka san Jos da ita, sai ya fito fari fat kamar nono, ya rufe yumɓun ruf, mai zane ya sami farin fili kamar takarda ya zuba adonsa a kai.

Wannan dabara ta kuza ba Turawa suka ƙago ta ba. Magina ne na ƙasar Iraƙi, musamman na Basra, a zamanin daular Abbasiyya, cikin ƙarni na 9. Fatake suna kawo fararen kwanonin ƙasar Sin ta teku, masu hali suna rububinsu, magina na gida kuwa ba su da irin farin yumɓun da mutanen Sin ke aiki da shi. Sai suka ɓullo wa abin ta bayan gida, suka rufe nasu yumɓun da farin shafe, suka riƙa yi masa zane da shuɗi. Daga Iraƙi sana'ar ta bi ta Masar da Afirka ta Arewa har Andalus, inda garin Malaga ya shahara da ita, daga baya kuma Manises da ke kusa da Balansiya. Jiragen ruwa suka riƙa kai kayan Italiya, mutanen can suka sa musu suna mayolika, wanda galibin masana ke cewa daga sunan tsibirin Majorka ya fito. Kafin shekara ta 1500 mutanen Italiya su ma sun ƙware, garuruwa irin su Faenza da Deruta da Gubbio suka yi suna. Daga sunan Faenza ɗin nan ne ma Faransawa suka sami sunan da su ke kiran wannan irin tangaram, watau fayans. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa: sa'ad da Palissy ya tashi neman asirin farin shafe, asirin ya yi kusan shekara 700 a hannun mutane.

An haifi Palissy wajen shekara ta 1510 a yankin Agen, kudu maso yammacin Faransa. Ba ɗan masu hali ba ne, bai kuwa koyi Latin ko Girkanci ba, harsunan da a zamanin nan ba a kiran mutum malami a Turai sai ya iya su. Sana'ar da ya koya ita ce zane a kan gilashin tagogi, irin masu launi-launi da a ke sawa a majami'u da gidajen manya, ya kuma iya awon ƙasa, watau aikin safiyo. Ya yi yawon neman aiki a sassan Faransa, sa'an nan wajen 1539 ya zauna a garin Saintes da ke bakin kogin Charente, ya yi aure, 'ya'ya suka fara zuwa.

A nan ne wata rana aka nuna masa wani kofi na yumɓu mai farin shafe, kyawunsa ya ɗauke masa hankali. Masana tarihi sun rabu a kan asalin kofin. Waɗansu sun ce na Italiya ne, waɗansu sun ce na wani gari ne na Faransa mai suna Saint-Porchaire, waɗansu kuma sun ce na ƙasar Sin ne. In kuwa na Sin ne, to, ya ɗauko abin da ba zai iya saukewa ba tun daga farko, domin tangaram na Sin yumɓunsa dabam ne, zafin da ya ke bukata kuma ya kai wajen digiri 1,300, alhali tukunyar yumɓu ta yau da kullum a wajen digiri 1,000 ta ke gasuwa. Turawa ba su gano yadda a ke yin irin na Sin sosai ba sai wajen 1709, a ƙasar Jamus. Ko ma dai na ina ne, Palissy ya ɗaura niyya sai ya yi irinsa, ga shi kuwa bai taɓa gina ko kasko ba, bai san bambancin wannan yumɓu da wancan ba. Shi da kansa ya kwatanta halin da ya shiga da na mai lalube cikin duhu.

Ga yadda ya fara. Ya kan sayo tukwane ya farfasa su, ya niƙa duk abin da ya ke zato zai ba da fari, ya shafa wa kowane tsingaro haɗinsa dabam, ya yi masa alama, ya rubuta abin da ya zuba. Da farko ya gina ɗan tanderu nasa, amma da ya ke bai san yawan wutar da a ke bukata ba, wani lokaci kayan su ƙone, wani lokaci su ƙi gasuwa, har ya zama ko da ya dace da haɗin kirki ba shi da hanyar ganewa. Da kuɗin itace ya gagare shi, sai ya koma aika tsingaro 300 ko 400 a lokaci guda zuwa matoyar waɗansu magina a wani ƙauye, yana biyansu. Wutarsu kuwa ba ta kai ba, kayan suka riƙa dawowa yadda suka tafi, magina suna yi masa dariya.

Wajen 1543 ya ɗan sami sararawa. Sarkin Faransa, Faransuwa na 1, ya ƙudura ya tsananta karɓar harajin gishiri, aka ba Palissy aikin auna fadamun bakin teku na yankin, inda a ke shanya ruwan teku a kwashi gishiri. Ya sami kuɗi masu ɗan kauri. Mai hankali zai ce ya biya bashi ya gyara gida, shi kuwa sai ya sayo sababbin tukwane ya farfasa. A wannan karo ya kai tsingaronsa wurin masu narka gilashi, domin tanderunsu ya fi na magina zafi, ya yi shekara 2 yana kai da kawowa. Ana nan, ran nan ya kai fiye da 300, da aka fito da su sai ga guda ɗaya tak ya narke ya fito fari sumul yana ƙyalli. Wannan tsingaro ɗaya shi ya ƙarasa jefa gidansa cikin wahala, don daga ranar ba wanda ya isa ya hana shi.

Ya tashi gina tanderu irin na masu gilashi a gidansa. Ba kuɗin ɗaukar magini ko lebura, shi ne mai kwaɓa ƙasa, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai ɗauko tubali a bayansa. Ya yi wata 7 ko 8 yana gina kwanonin da zai gasa, ya yi fiye da wata guda yana niƙa kayan shafe. Da ya kunna wuta, ya kwana 6 dare da rana yana tura itace ta bakin tanderu biyu, shafe ya ƙi narkewa. Ya sake haɗi, ya ƙara abin da zai taimaka wa narkewa, ya sayo waɗansu tukwanen ya shafa, bai bar tanderun ya huce ba. Ana cikin haka itace ya ƙare. Ya tumɓuke shingen lambunsa ya tura, ya ƙare. Sai ya shiga gida ya ɗauko tebura, ya ɓamɓare katakon daɓen ɗaki, duk ya tura cikin wuta. Ya ba da labarin cewa fiye da wata guda rigarsa ba ta bushe a jikinsa ba saboda gumi.

Mutanen Saintes suka ce ya haukace. Waɗansu suka baza cewa kuɗin jabu ya ke bugawa, zargin da a zamanin nan ya isa a kashe mutum. Ya riƙa bin gefen titi kansa a sunkuye saboda masu bin sa bashi. Duk da haka ya ɗauki wani magini aiki na wata 6 don ya riƙa gina masa kwanoni, yana ciyar da shi da bashi a wani masauki, da lokacin sallama ya yi kuma ba kuɗi, sai ya tuɓe tufafinsa ya ba shi a madadin lada.

Gasawar da ta biyo baya ita ce ta fi ban takaici, domin a wannan karo shafen ya narke daidai. Sai dai ƙasar da ya yi ginin tanderun da ita tana da tsakuwar ƙanƙara a ciki, da zafi ya kai mata sai ta riƙa fashewa tana tartsatsi, ɓarɓashin ya manne a jikin kwanonin tun shafen yana ruwa, suka fito da kaifi kamar aska. Masu bin sa bashi sun taru a bakin tanderun da safe suna jiran a fito da kaya. Waɗansunsu suka ce ya sayar musu a kan araha, ko banza ya rage bashi. Ya ƙi, ya farfasa su duka a gabansu, wai kada a ga aikin banza da sunansa. Wata gasawar kuma toka ce ta tashi ta ɓata kayan, abin da ya sa ya ƙago waɗansu tukwane masu murfi da a ke sa kwanonin a ciki kafin a kai su wuta. Magina tangaram suna amfani da irin wannan dabara har yanzu, ko da ya ke mutanen Sin sun riga shi saninta da daɗewa.

Haka ya yi ta fama har wajen shekara 16. Tanderunsa ba rufi, ruwa da iska suna dūkansa cikin dare, ya shiga ɗaki jiƙe sharkaf da laka. An je neman ƙiba an samo rama, don ya rame har igiyar da ya ke ɗaure safarsa da ita ta kan zame ta faɗo dugadugansa in yana tafiya.

A nan ya kamata mu tsaya mu faɗi wani abu. Duk wannan labari daga bakin Palissy ya fito, cikin littafin da ya buga a 1580 yana tsoho, bayan ya yi suna. Matarsa ba ta bar mana nata labarin ba. Abin da ya ce game da mutanen gidansa shi ne, in ya baro wahalar tanderu ya shiga ɗaki, ya kan tarar da wata wahalar da ta fi ta farko, watau gori da faɗa. Masu littattafan tarbiyya sun bi shi a kan haka, sun mai da matar kamar ita ce mai hana ruwa gudu. Ni dai a ganina, matar da ta ga an ƙone teburin da 'ya'yanta ke cin abinci a kai, ga bashin masu reno, ga bashin mai masauki, in ta yi faɗa ba ta yi laifi ba. Da a garinmu ne, da tuni magana ta kai gaban alƙali, ba na kuwa tsammanin alƙalin zai ba mijin gaskiya.

Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne, asirin da ya ke nema yana nan cikin Faransa kanta. A birnin Rouen akwai wani magini, Masseot Abaquesne, wanda a 1542 ya yi tayil mai farin shafen kuza da zane-zane don daɓen fadar Écouen. Kusa da birnin Faris kuma wani mutumin Italiya, Girolamo della Robbia, yana yi wa sarki adon gini da yumɓu mai shafe. Wajen 1557, a can Italiya, wani mai suna Cipriano Piccolpasso ya zauna ya rubuta yadda a ke yin mayolika daki-daki, har da awon kayan haɗi da siffar tanderu, amma littafin ya zauna a rubutun hannu, ba a buga shi ba sai bayan shekara 300. Haka sana'a ta ke a zamanin nan, daga uba sai ɗa, daga maigida sai yaron da ya yi shekaru yana bauta masa. Magidanci mai iyali a wani gari can gefe ba shi da ƙofar shiga.

Abin mamaki, farin kofin nan da ya tayar masa da hankali, Palissy bai yi suna da irinsa ba. Abin da wahalar ta haifar wani abu ne dabam. Da farko ya dace da wani shafe mai launuka cakuɗe kamar dutse mai jijiya, ya riƙa sayar da kwanoninsa yana ɗan samun na abinci. Daga nan ya shiga abin da duniya ta san shi da shi: manyan farantai masu siffar kududdufi, a tsakiya maciji ya naɗe, kewaye da shi kifaye da kwaɗi da ƙadangaru da ƙaguwa da katantanwa da ganyaye, kowanne da launinsa, suna ƙyalli kamar yanzu aka tsamo su daga ruwa. Magina na ƙasar Gwari, irin su marigayiya Ladi Kwali, da hannu su kan zana ƙadangare ko kifi a jikin tulu. Shi Palissy ba zanawa ya ke yi ba. Dabbar ya kan kamo, ya kashe ta ba tare da ya ɓata jikinta ba, ya shirya ta yadda ya ke so, ya zuba mata filasta ta bushe, ya sami mazubi, sa'an nan ya danna yumɓu a ciki. Saboda haka kowace ƙaya da kowane ɓawo na jikin dabbar sai ya fito, har masana dabbobi na yau su kan dubi aikin su faɗi ko wane irin maciji ne ko ƙadangare.

Wahalar aikin tana wajen launi. Jan ƙarfe ke ba da kore, tsatsar baƙin ƙarfe ta ba da rawaya da ruwan ƙasa, wani dutse mai suna kobal ya ba da shuɗi, manganis ya ba da ruwan hanta. Kowanne kuwa da zafin da ya ke narkewa, sai wani ya ƙone kafin wani ya fara laushi. Ya ɗauki shekaru kafin ya daidaita su su narke tare a wuta ɗaya. Ba a cin abinci a farantan nan, na ado ne, a kan jera su a ɗakin baƙi kamar yadda matanmu ke jeren kwanoni da tangaram don a san gidan da aka shigo. Gara ma da ba a ci a ciki ba, domin shafen cike ya ke da dalma, wadda mu a nan mun ga irin ɓarnarta a kan yara a Zamfara a 2010.

Sa'arsa ta zo ta hanyar harajin gishirin nan. A 1548 talakawan yankin suka yi bore saboda harajin, sarki ya turo babban sarkin yaƙinsa, Anne de Montmorency, ya murƙushe su da ƙarfin tsiya. Namiji ne, kada sunan ya ruɗi mai karatu. Shi ne kuma mai fadar Écouen da muka ambata, mutum mai son kayan ƙawa. A shekarun da suka biyo baya ya ga aikin Palissy ya yaba, ya ba shi kwangilar gina masa kogo na ado, wanda za a lulluɓe bangonsa da duwatsu da tsire-tsire da dabbobi na yumɓu mai shafe. Mutumin da a ke nunawa da baki a titi ya zama mai aikin fada.

Amma wata fitinar tana jiransa. A lokacin nan Kiristocin Faransa sun rabu biyu, 'yan Katolika masu rinjaye da sarauta, da 'yan Furotesta. Palissy ya bi 'yan Furotesta, yana ma cikin waɗanda suka kafa jama'arsu a Saintes. Da aka kama mai wa'azinsu, Philibert Hamelin, Palissy ya bi alƙalan garin yana roƙo a sake shi, bai yi nasara ba, aka kashe mutumin a Bordeaux a 1557. A 1562 yaƙin basasa ya ɓarke, aka fasa ma'aikatar Palissy, aka kama shi aka kai kurkukun Bordeaux. Montmorency, wanda shi kansa ɗan Katolika ne mai zafi, ya ga in aka kashe mutumin nan kogonsa ya tafi ke nan. Sai ya sa baki wurin uwar sarki, Katarina ta gidan Medici, aka naɗa Palissy mai ƙago kayan yumɓu na sarki a 1563, aka kuwa sake shi. Sana'arsa ce ta fanshi wuyansa.

Bayan 'yan shekaru ya koma Faris, inda Katarina ke gina sabuwar fada a wani fili da a da a ke gasa tayil ɗin rufin ɗaki, shi ya sa a ke kiran wurin Tuileries. Ita ma kogo ta ke so a lambunta. Takardun kuɗin fada na 1570 sun nuna ana biyan Bernard da 'ya'yansa Nicolas da Mathurin saboda wannan aiki. Ran 24 ga Agusta, 1572, aka far wa 'yan Furotesta a Faris aka kashe dubbai, shi ya tsira, ya gudu da iyalinsa zuwa Sedan. Kogon nan biyu, na Montmorency da na Katarina, babu wanda ya rage a tsaye.

Wanda ya ɗauki Palissy maginin tukwane kawai bai san rabinsa ba. Shekarun da ya yi yana tona ƙasa da fasa duwatsu sun sa ya ga abin da malaman jami'a ba su gani ba. A wani littafinsa da aka buga a La Rochelle a 1563, ya yi wa manoma faɗa a kan yadda su ke tara taki a fili ruwan sama yana wanke shi, ya ce baƙin ruwan nan da ke gangarewa shi ne ƙarfin takin, ya ba da shawara a haƙa rami a daɓe shi don ya riƙe ruwan. Ya kuma yi tir da masu sare dazuzzuka ba su dasa wani ba. Wannan kam daga bakin mutumin da ya san darajar itace ya fito.

A 1575 ya manna sanarwa a mararrabun Faris, yana gayyatar likitoci da malamai su zo su ji laccarsa a kan ruwa da duwatsu da ƙarafa. Kuɗin shiga tsabar zinariya ɗaya, da alkawarin duk wanda ya ƙaryata shi da hujja zai mayar masa da ninki 4. Ya jera duwatsu da katantanwa da ya tara, kowanne da takardar bayani, don mai musu ya taɓa da hannunsa. Cikin waɗanda suka halarta har da Ambroise Paré, babban likitan fiɗa na sarki. Ya ci gaba da laccocin har wajen 1584, ya kuma tattara su cikin littafinsa na 1580, wanda ya tsara kamar muhawara tsakanin Ilmin Littafi da Aikin Hannu, kullum kuwa Aikin Hannu ke kayar da abokin gardamarsa.

A ciki ya ce ruwan maɓuɓɓuga da na koguna daga ruwan sama ya ke, wanda ke nutsewa cikin ƙasa har ya tarar da dutse ko yumɓun da ba ya ratsuwa, sa'an nan ya bi gangare ya ɓullo. Yau ɗan firamare ya san wannan, kowane mai haƙar rijiya ma ya san damina mai kyau ita ke cika rijiya, amma malaman zamaninsa da yawa sun ɗauka ruwan teku ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ya hau duwatsu. Ya ce katantanwa da kifayen da a ke samu cikin dutse nesa da teku halittu ne na gaske da suka rayu a wurin sa'ad da akwai ruwa. Ya kuma yi kaca-kaca da masu da'awar mai da dalma zinariya, da likitocin da ke shayar da marasa lafiya ruwan zinariya.

To, a cikin wannan littafi ne kuma ya yi abin da ni na kasa yaba masa. Da aka zo kan shafen tangaram, ya lissafa kayan haɗin: kuza da dalma da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da rairayi da toka da sauransu. Amma awon kowanne, wanda shi ne asirin, ya ƙi faɗa. Hujjarsa ita ce duk abin da ya yawaita ya kan yi araha, ya kawo misalin gilashi da maɓallan ado da kayan ƙawa na garin Limoges, waɗanda da masu yin su suka yi yawa sai sana'ar ta daina ciyar da mai ita. Wanda ke so, ya je ya sha irin wahalar da shi ya sha, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Watau mutumin da rowar asiri ta cinye wa shekara 16 da kayan ɗaki, shi ma da ya samu sai ya rufe ƙofar a bayansa. Ilmin ruwa da na taki, da ba su ne abincinsa ba, ya raba su kyauta.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Montmorency ya mutu a yaƙi tun 1567. A 1585 masu tsattsauran ra'ayi na Katolika suka tilasta wa Sarki Henri na 3 ya yi dokar cewa kowane ɗan Furotesta ko ya bar aƙidarsa ko ya bar ƙasar. Palissy ya ƙi yin ko ɗaya. A 1588, shekarar da waɗannan mutane suka ƙwace Faris har sarki ya gudu, aka kama shi, daga bisani aka kai shi kurkukun Bastille. Katarina ta mutu a farkon 1589, aka kashe sarki a watan Agusta na shekarar, ba sauran mai sa baki. Wani marubuci na zamanin, Pierre de L'Estoile, wanda ya san shi, ya rubuta cewa tsohon ya mutu a kurkukun a 1590 yana da shekara 80, saboda yunwa da wulaƙanci, kuma da wata mata mai taimakonsa ta zo duba shi, shugaban kurkukun ya gaya mata an ja gawar an yar wa karnuka a kan ganuwa.

Bayan mutuwarsa waɗansu magina suka ci gaba da kwaikwayon farantansa, har masana na yau sun gano cewa galibin abin da gidajen tarihi suka daɗe suna jinginawa gare shi aikin mabiya ne. Sannu a hankali sana'ar ta ɓace. Sai da wani maginin garin Tours, Charles-Jean Avisseau, ya sake bin hanyar lalube shekara da shekaru, kafin a 1843 ya gano yadda a ke haɗa launukan. Daga nan yayin ya dawo. Kamfanin Minton na Ingila ya kai irin kayan babban bajekolin Landan na 1851, garin Caldas da Rainha na Fotugal ma ya ɗauka, har yanzu kuwa ana yin tangaram mai siffar ganye da dabbobi a can.

Cikin shekarun 1980, da a ke tona harabar gidan tarihi na Louvre don faɗaɗa shi, masu binciken kayan tarihi suka ci karo da wurin da ma'aikatarsa ta Tuileries ta ke. Suka kwaso dubban tsingaro da mazubai na filasta, na kwaɗi da ƙadangaru da ganyaye, waɗanda ya shirya don kogon ado. Yanzu ana ajiye da su a fadar Écouen, wadda aka mai da ita gidan tarihi a 1977, a gini ɗaya da tayil mai farin shafe na Abaquesne.